Keken Auta Ya Tafi Kasuwa

Kwana huɗu rak Auta ta yi tana hawa kekenta. A rana ta biyar ƙafar baron Baba ta karye a ƙofar kamfanin ƙanƙara, ya dawo gida afujajan yana sharce gumi, ya tsaya a kan keken guragun nan yana kallonsa kamar ranar ya fara ganinsa. Sabo ne dal, ko ledar da ke hannunsa ba a gama ɓarewa ba. Wata ƙungiya ce mai taimakon yaran da ba sa tafiya ta ba Auta, bayan an yi shekara biyu ana kai ta ofishinsu ana ɗaukar ta hoto.

"Aron yau kawai zan yi," in ji Baba. "Kafin la'asar na dawo da shi."

Ya kuwa dawo da shi, ba za a yi masa sharri ba. Sai dai ya dawo da shi jiƙe sharkaf, garin katako a kowane lungu, yana ƙarnin kifi, shi kuma bakinsa ya ƙi rufuwa. Ashe keken guragu ya fi baro komai. Ba ya ƙara, ba ya karya kafaɗa, yana kutsawa layin masu kifi inda amalanke ba ta isa ta sa ƙafa ba. Abin da ya fi burge shi, mutane na hango shi suke darewa, a zatonsu mara lafiya aka turo. Kafin su gane bulon ƙanƙara ne aka lulluɓe da buhu, ya riga ya wuce. Yana ba Umma labari yana dariya har da tafi.

Washegari bai ma ce aro ba. Baron kuwa aka jingine shi bayan banɗaki, kaji suka mai da shi wurin kwana.

Sai Auta ta koma inda take tun tana jaririya, wato bayan yayarta.

Shekarar yayar goma sha uku. Kowa a gidan Yaya yake ce mata, har iyayen da suka haife ta, don kalmar da bakin Auta ya fara iyawa ke nan. Siririya ce, wuya dogo, irin yaran da abinci ba ya zama a jikinsu. Auta kuwa shekararta tara. Ƙafafunta sun shanye tun tana rarrafe, amma daga ƙugu zuwa sama Allah bai rage ta da komai ba, ga takalman ƙarfe da asibiti suka ce kada a cire mata da rana.

Ɗakinsu ɗaya ne, a hawa na uku na wani tsohon bene da aka yanka ɗaki-ɗaki ana haya. Famfo a ƙasa, banɗaki a ƙasa. Matakala arba'in da biyu, Yaya ta san su kamar yatsunta, ta san wadda ta tsage, ta san wadda ruwan wanke-wanke ke kwanciya a kai. Ba ta kasa sauka da Auta sau biyar a wuni. Litinin da Alhamis kuma akwai asibitin gashin ƙashi, tafiyar kusan awa guda a ƙasa. Makaranta dai an ce ta ɗan dakata, shekara uku ke nan tana dakatawa.

Yaya takan durƙusa a bakin katifa, Auta ta jawo jiki ta rungume wuyanta, ta ja zani ta ɗaure tamau a ƙirji, ta dafa bango ta miƙe. Takalmin dama na Auta yana dukan cinyarta, don haka ta saba karkatawa hagu.

"Direba, a hankali, akwai rami," in ji Auta a kunnenta.

"Ki rufe min baki ko in sauke ki a kwata."

"Ba za ki iya ba."

Ba za ta iya ba kuwa. Duk duniya ba ta da ƙawa sai wannan nauyin da ke bayanta, mai surutu kamar rediyo.

Ciwon ya fara ne kamar wasa. Wani wuri ne a tsakiyar bayanta, bai fi kan yatsa ba, yana zafi kamar an ajiye garwashi an manta. Da farko sai ta sauke Auta take jinsa. Daga baya ya daina jiran saukewa. Ta bar kwanciya rigingine, ta koma kwanciya ta gefe tana cusa tsumma a ƙugu.

Wadda ta fara gani Inna Tela ce, matar da ke ɗinki a hawa na biyu. Umma ta ba ta wani tsohon zani ta ce a fitar wa Yaya riga. Inna Tela ta auna, ta kalli tef ɗin, ta sake aunawa.

"Ke, tsaya daidai mana, kina ɓata min awo."

"A daidai nake, Inna."

Inna Tela ta zagaya bayanta, ta ɗaga rigar. Sannan ta sa yatsa a kan wani kumburi da ya turo a tsakiyar ƙashin, Yaya ta zabura ta saki ƙara.

Da yamma, Umma na dawowa daga gidan abincin da take wanke-wanke, Inna Tela ta tare ta a matakala.

"Maman Auta, kin duba bayan yarinyar nan kuwa? Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, ƙashin ya turo. Goyon nan ya fi ƙarfinta."

Umma ta ajiye ledar hannunta. Hannayenta duk sun zaizaye da ruwan sabulu, idonta ja don gajiya. "Ni da nake tsaye a kan kwanuka daga safe har magariba, wa ya taɓa auna kafaɗata? Girma ne ke zuwa mata. Kowace mace da irin yadda yake zuwar mata. Riga na ba ki ki ɗinka, Inna Tela, ban kai miki ita asibiti ba."

Ta hau sama ta dafa ruwan zafi, ta gasa wa Yaya bayan da tsumma, tana gasawa tana faɗa. "Ki daina tafiya a karkace kina ja mana magana. Ni ma na yi goyo, ban mutu ba."

Kwana biyu Yaya tana haɗa maganar a ranta kafin ta iya fitar da ita. Ta bari sai da Baba ya ci ya ƙoshi yana sakace, sannan ta durƙusa.

"Baba, ko Litinin da Alhamis kawai a bar mana keken? Hanyar asibitin ce take da nisa."

Ya cire tsinken daga baki ya kalle ta. Bai yi fushi ba, da ma shi ba mai fushi ba ne, mutum ne mai bayani.

"Litinin da Alhamis kifi ba ya ruɓewa? Abincin da kika ci yanzu, a kan me ya zo gidan nan? A kan keken nan ya zo. In Auta ta zauna a kai, shi zai ba ta abinci? Ai amfaninta nake yi, ba nawa ba. Kuma keke yana hawa bene ne? Ko na bar muku shi, sai kin sauko da ita. To me ya rage?"

"Ko fo a saya mata, Baba, don sauka banɗakin."

"A ɗakin da nake cin abinci? Ke ma kin san ba zai yiwu ba. Ki ƙara haƙuri, da na samu sarari zan gyara baro."

Sararin bai taɓa samuwa ba.

Da keken ya cika wata shida, aka aiko cewa ma'aikaciyar ƙungiya za ta zo ranar Laraba ta ga yadda yarinya ke jin daɗinsa. Ranar Baba bai fita da safe ba. Ya zauna a bakin famfo da soso da garin sabulu yana dirzar keke kamar mai wanke jariri. Ya goge tsatsa da toka. Ya kwance katakon da ya ɗaura a kan mazaunin, ya shiga neman matakan ƙafa da ya cire tuni don suna hana shi shan kwana. Ɗaya aka samu a ƙarƙashin gado, ɗayan kuwa sai da aka ƙwato shi a hannun yaran maƙwabta. Ya juye rabin turaren Umma a kai. Duk da haka magen gidan biyu suka zo suka zauna a gindinsa suna lasar baki.

Ya ɗauko shi a ka ya hau da shi bene. Ashe dai yana hawa.

Aka ɗora Auta. Mazaunin bai bushe ba, ruwa ya ratsa rigarta, amma ko a jikinta. Ta kama tayoyin ta tura, ta je bango ta dawo, ta sake zuwa, tana ƙyalƙyala dariya. Yaya ta juya kai don kada a ga idonta.

"Ku saurara," in ji Baba. "In an tambaye ku, kullum a kai take. Duk wadda ta yi subutar baki, su tafi da keke, mu kuma mu zauna mu ci bango. Kun ji ko?"

Ma'aikaciyar dattijuwa ce mai tabarau. Ta hau matakalar nan tana haki, ta zauna a bakin gado sai da numfashinta ya dawo. Ta shafa tayoyin.

"Sun sha hanya."

"Ai ba ta zama, ranki ya daɗe," in ji Baba. "Yawo kamar me."

Mai tabarau ta ɗan shinshina iska, ta kalli Auta. Auta ta kalli Yaya.

"Ke ce kike tura ta?"

"Ni ce."

"Kullum?"

Yaya ta ji idon Baba a ƙeyarta. "Kullum."

Da maganar ta ƙare a nan. Amma Umma ta ce a kawo wa baƙuwa ruwa, Yaya ta sunkuya ta miƙa kofi, sai miƙewa ta gagara, har sai da ta dafa gwiwa da hannu biyu ta tura kanta sama kamar tsohuwa. Mai tabarau ta ajiye kofin ba ta sha ba. Ta jawo ta, ta ɗaga rigar, ta bi ƙashin da yatsa tun daga wuya.

"Me yarinyar nan take ɗauka?"

"Ruwa ne," in ji Umma da sauri. "Daga ƙasa."

"Daga yau ko bokiti kada ta ɗauka. Wannan ba abin wasa ba ne, zai iya hana ta tafiya." Ta yi rubutu a takarda ta buga hatimi. "Gobe-goben nan a kai ta babban asibiti a yi mata hoton ƙashi. A nuna wannan, ba za su ɓata muku lokaci ba."

Baba ya karɓa da hannu biyu, har da rusunawa, yana godiya yana sa albarka. Ya raka ta har bakin mota. Ya dawo, ya ɗaga Auta ya ajiye a katifa, ya saɓa keke ya sauka, don masu kifin yamma suna jira.

Takardar ta kwana uku a aljihun rigarsa tana shan ruwan ƙanƙara. Da Umma ta zo wanki ta same ta ta zama dunƙule, tawada ta dame. Daga nan aka samu sabon zance. Ai takardar ta lalace, sai an samo wata. Wa zai je ya samo? Baba yana kasuwa, Umma tana kan kwanuka.

Yaya ta ci gaba da goyo. Ta ji abin da mai tabarau ta faɗa, ta kuma fahimta sarai, tana ɗaura zanin nan tana sane da abin da take yi wa kanta. Tsoro ya zauna mata a ciki. Sai dai in ba ta ɗauka ba, Auta za ta ɓata katifa, kuma Auta ta yi girman da abin zai kashe ta da kunya.

Ƙafafun suka fara da kiyashi, kamar suna yawo a tafin. Sai suka koma nauyi, tana taka ƙasa tana jin kamar katifa take takawa. Wata Litinin a hanyar asibiti Auta ta ce, "Yaya, ina silifanki ɗaya?" Ta duba, ƙafarta a kan kwalta mai zafi, ba ta san lokacin da ya fita ba.

A makon ne ta lura Auta ta daina shan ruwa. Leɓenta ya bushe ya tsage, surutun ya ragu. In an miƙa mata kofi sai ta ce ta ƙoshi.

"Me ya sa ba kya shan ruwa?"

"Ba na jin ƙishi."

"Ƙarya kike."

Auta ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta. "In ban sha ba, ba sai kin sauka da ni ba."

Yaya ta rasa abin yi, ta kai mata duka a kafaɗa, sannan ta rungume ta tana kuka. Ta riƙe mata kofin a baki sai da ta shanye tas.

Washegari Auta ta fito da wata dabara. Ta ja jiki zuwa bakin matakala, ta riƙa sauka da mazaunai, ɗaya-ɗaya, tana ɗaga ƙafafun da hannu tana ajiyewa, takalman ƙarfen na ƙara. Yaya na biye da ita tana dafa bango, bayanta wayam a karon farko. Yaran gidan suka taru suna kallo. Kwana biyu suka yi haka. A na uku Umma ta dawo da wuri ta same su a hawa na biyu, rigar Auta ta yage a baya, duk ta yi baƙi da ruwan kwata.

Ba ta tambayi komai ba. Ta cire takalminta ta hau Yaya, kuma a bayan nan ta doke ta.

"Kina so a ce mun yar da ita? Ki bar ta tana jan gindi a gaban mutane kamar wadda ba ta da kowa? Ƙatuwar banza, me kike yi a gidan nan in ba wannan ba?"

"Umma, ni na ce!" Auta tana ihu. "Ni na ce, ba ita ba ce!"

"Ɗauke ta!"

Yaya ta durƙusa ta ɗauke ta.

Ranar Alhamis da rana tsaka suka dawo daga gashi. Sun wuce hawa na ɗaya, sun kusa ƙofar Inna Tela, sai Yaya ta ji wani abu ya ce ƙas a bayanta, ba da ƙarfi ba. Ƙafafun suka tafi kawai. Abin da ta iya yi shi ne ta jefa kanta gaba don kada kan Auta ya daki siminti. Haɓarta ta fashe a bakin matakala.

Auta ta kwance zanin ta zame gefe. "Yaya, tashi."

"Bari in huta."

Auta ta kalli zanin yayarta ya jiƙe, ruwa na bin matakala, ita kuma ba ta ma sani ba. Ta sa hannu ta mintsini ƙaurinta da iya ƙarfinta.

"Kin ji?"

"Me?"

Ihun Auta ne ya fito da Inna Tela. Mata suka taru, aka yi ƙoƙarin ɗaga ta, ta ƙwalla ƙarar da ta sa suka sake ta. Inna Tela ta yafa mayafi ta ruga kasuwa da ƙafarta, ta iske Baba a bakin layin masu kifi da bulo uku a kan keke.

"Baban Auta, taho, Yaya ta faɗi, ƙafafunta ba sa motsi!"

"Subhanallahi. Tana numfashi?"

"Tana yi."

"To alhamdulillahi. Bari in sauke wa mutanen nan, yanzu ya narke a hannuna. Ki je, ga ni nan."

Awa biyu Yaya ta yi a kwance a matakala, masu hawa da sauka suna tsallake ta suna sannu. Da Baba ya zo, aka kama ta aka ɗora a keken. Ranar ta fara hawansa, mazaunin na ɗiga, garin katako na manne mata a jiki, mutane na darewa a hanya.

Likitan ya ɗaga hoton ƙashin ya daɗe yana kallo. Ya ce wata cuta ce ta daɗe tana cin ƙashin bayan, irin wadda magani ke kashewa in an zo da wuri. Ƙashin ya yi laushi, nauyi ya ƙarasa shi, ya danne jijiyar ƙafa.

"Me take ɗauka haka?"

"Yarinya ce mai son aiki, likita," in ji Baba. "Hana ta muke, ba ta hanuwa."

Yaya ta ce, "Zan tashi?"

Likitan ya cire tabarau ya murza ido. Bai kalle ta ba, ya kalli Baba. "Da wata huɗu baya kuka zo, da na ce mata e."

Bayan mako shida aka sallame ta. Baba ne ya goyo ta ya hau benen, yana tsayawa a kowane hawa. Da ya sauke ta ya zube a ƙasa yana haki. "Kai! Benen nan sai ya kashe mutum."

Suka zama su biyu a katifa ɗaya. Auta ce yanzu ke jan jiki ta ɗauko mata ruwa, ta juya ta in gefe ɗaya ya gaji, ta kore mata ƙuda. Baba kuwa sai ya yi wani irin laushi. Ya sayo mata lemo. Wata safiya ya zo da mai hoto, ya gyara mata kwanciya da kansa, ya janye zani don ƙafafun su fito.

"Kada ki yi murmushi," in ji shi. "Keke za mu nemo miki."

Kwana uku Yaya tana jin daɗin maganar nan. Ta ga kanta a bakin famfo rana na dukanta, ta ga ita da Auta suna tsere a tsakar gida. A rana ta huɗu ta ji sauran zancen, don a gabanta Baba da Umma suka yi shi, kamar kunnuwan ma sun shanye.

"Ki bar wanke-wanken nan haka," in ji Baba. "Ni in riƙe masu kifi, ke ki riƙe masu nama da masu lemon kwalba. Na ce musu a ba mu mai faɗi, tun da ta fi girma. Mai faɗi zai ɗauki bulo huɗu."

"Su fa?" in ji Umma.

"Suna da juna. A ajiye musu ruwa da abinci, a ja ƙofa."

Umma ta kalli hannayenta da suka zaizaye, ta gyaɗa kai.

Da suka fita Yaya ta ce, "Auta, in mai tabarau ta zo, zan faɗa mata komai."

"In sun tafi da keken fa? Me za mu ci?"

"Ya gyara baronsa."

Kullum sai ta maimaita maganar, Auta na zama mai tabarau tana yi mata tambayoyi. Ta san inda za ta fara, ta san inda za ta ce a shinshina mazaunin. Abin da ya rage mata ke nan a duniya, ta kuwa riƙe shi da kyau.

Ranar da za a kawo keken, ba mai tabarau ce ta zo ba, an mai da ita wani reshe. Wani mutum ne mai takalmi mai sheƙi. Daga sama suna jin muryarsa a tsakar gida.

"Hawa na nawa kuke?"

"Na uku, ranka ya daɗe."

Ya ɗaga kai ya kalli matakalar, ya kalli agogo. "Ai na ga hoton, na ga takardar likita. Ba sai na wahalar da mara lafiya ba. Sa hannu a nan."

Yaya ta mirgino daga katifa. Ta ja jiki da gwiwar hannu, ƙafafun na biye da ita kamar ba nata ba, Auta na tura ta ta baya. Ta kai bakin ƙofa ta cusa fuska a tsakanin ƙarafan baranda.

"Malam! Ka hau! Don Allah ka hau ka gani! Ba mu ake ba ba!"

Mutumin ya ɗaga kai. Umma ta riga kowa.

"Haka take tun da abin ya same ta. Ya ɗan taɓa kanta."

"Ayya," in ji shi yana rufe jaka. "Biyu a ɗaki ɗaya. Allah ya ba ku ladan haƙuri."

Gidan nan ɗaki ashirin da wani abu ne, kuma babu ɗakin da bai san inda keken Auta yake wuni ba. Ranar duk suna tsaye a ƙofofinsu. Sun ji muryar yarinyar, sun san hankalinta kalau yake. Inna Tela ma ta buɗe baki, sai ta tuna gobe da su za ta haɗu a bakin famfo, ta rufe shi ta koma kan ɗinkinta. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kallo kawai suka yi, har motar ta tashi.

Keken bai hau sama ba. Auta ce ta leƙa ta ce ja ne.

Can sai ga takun Baba yana hawowa da sauri kamar saurayi. Yaya ta runtse ido tana jiran duka. Bai doke ta ba. Ya ɗauke ta a hankali ya mai da ita katifa, ya goge mata jinin gwiwar hannu da bakin rigarsa, ya gyara mata zani. Fuskarsa cike da farin ciki na gaskiya.

"Ya ɗauki huɗu cif, na auna," in ji shi. Ya dafa kanta. "Allah ya yi miki albarka, Yaya. Kina tsaye kin yi mana amfani, kina kwance ma kin yi mana amfani. Samun 'ya irinki sai an tona."

Ya tsaya a kanta yana jira, don tun suna ƙanana ya koya musu ba a sa wa yaro albarka ya yi shiru. Auta ta cusa fuska a katifa.

Yaya ta ce, "Amin, Baba."